Farar wuta a kan gadar Gaya

Duk wanda ya daɗe a Gaya ya san irin kayan da kamiyoyi suka saba haurowa da su daga Malanbil: shinkafa, man girki, ƙarfen gini, gwanjo, tsofaffin motoci. A cikinsu akwai wani kaya da ba mai taya shi a kasuwar garin, ba a kuma sauke shi a Doso ko a Yamai. Farar wuta ce, irin wadda masu magani ke kasawa ƙulli-ƙulli don ƙaiƙayi, maharba kuma suke haɗa albarushi da ita, sai dai wannan tan-tan ake ɗauko ta. Ta yi kusan shekara hamsin tana ratsa gadar nan tana nufar arewa, har Arlit, inda ake ƙona ta a mayar da ita asid. Asid ɗin shi ne wanda 'yan lise ke haddacewa da sunan H2SO4, mai cajin batir kuma ya san shi da ruwan batir, bayan an sirka shi.

Mu malamai mun saba koyar da haɗa wannan asid kamar wani abu da ke faruwa a wata duniya. Mu rubuta matakai uku a allo, yara su kwafe, ranar jarrabawa su maido mana da abinmu. Ba kasafai ake gaya wa yaro cewa ƙasarsa na da masana'antar da ke wannan aiki tun kafin a haifi ubansa ba, balle a gaya masa cewa kayan aikin ta ƙofar gidansu suka riƙa wucewa.

A fara da tambayar da yaro mai wayo zai yi: me ya sa ba a sayo asid ɗin a haɗe ba, sai a ɗauko farar wuta daga bakin teku, tafiyar kusan kilomita 2,000? Amsar lissafi ce ta aji. Nauyin ƙwayar farar wuta 32 ne, na asid ɗin kuwa 98. Ke nan tan ɗaya na farar wuta yana ba da tan uku da 'yan kai na asid. Ragowar nauyin daga iska da ruwa yake fitowa, su kuwa ba sai an biya musu kuɗin mota ba. Ga shi kuma in motar farar wuta ta faɗi, a kwashe da shebur. In tankar asid ce ta kife a tsakiyar gari, sai dai Allah ya kiyaye.

Aikin kansa ba shi da wuyar fahimta. Ana narka farar wuta, wadda ke zama ruwa da zafi ya kai wajen digiri 115, a fesa ta cikin tanderu ta ƙone da busasshiyar iska. Hayaƙin da ke fitowa, SO2, shi ne mai shaƙe maƙogwaro idan aka kyasta ashana. Matsalar tana mataki na biyu: ana so hayaƙin nan ya ƙara karɓar oksijin ya zama SO3, shi kuma ba ya yi da sauri sai da mai shiga tsakani. Ni dillali nake kiran abin a aji, don aikinsu ɗaya: ya haɗa mai saye da mai sayarwa, ciniki ya faɗa, shi kuma ya tashi yadda ya zauna yana jiran na gaba. Dillalin yau sinadarin banadiyom ne, V2O5, yana aiki a zafin digiri 400 zuwa 450. Daga nan ba a zuba SO3 cikin ruwa kai tsaye, don zai tashi ya zama hazo mai cin huhu wanda ba ya kamuwa. Cikin asid mai ƙarfi ake shigar da shi, sannan a riƙa ƙara ruwa kaɗan-kaɗan.

Tun da iyaye ma na karanta shafin nan, ga wani abu da ya shafi gida. Batiran sola da na mota sun cika gidajenmu, kuma ruwan da ke cikinsu kusan kashi ɗaya cikin uku asid ne. Masu caji kan ajiye shi a robar ruwan sha ko kwalbar lemo, ba launi, ba rubutu. Kada a bar irin wannan roba inda yaro zai kai hannu. In ya zuba a jiki ko a ido, a yi ta kwarara ruwa mai yawa, a daɗe ana yi, sannan a nufi likita. Ba a shafa man ja ko toka. Wanda zai sirka kuma, asid ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba ruwa cikin asid ba, don yana tafasa ya fantsamo fuska.

Tarihin abin ya faro da nisa. Masanan zamanin Abbasiyawa, irin su Jabir ɗan Hayyan da Abubakar al-Razi, sun yi aiki da wasu duwatsun gishiri da Larabawa ke kira zaj, suna gasa su suna tatsar tururinsu, shi ya sa tsohon sunan asid ɗin a Larabci yake nufin man zaj. Ƙarni bayan ƙarni abin bai wuce 'yar kwalba a ɗakin mai haɗa magani ba, da tsada. A 1736 wani mai sayar da ƙwayoyin magani a kusa da Landan, Joshua Ward, ya fara ƙona farar wuta tare da gishirin nan da ake haɗa albarushi da shi, cikin manyan tulunan gilashi masu ɗan ruwa a gindi. Farashi ya faɗi, amma gilashi na fashewa, kuma girmansa na da iyaka. Shekara goma bayan haka, a 1746, wani likita a Barmingam, John Roebuck, ya lura cewa asid mara ƙarfi sosai ba ya cin dalma. Sai ya bar tulu ya koma akwatunan dalma, waɗanda magadansa suka yi ta faɗaɗawa har suka zama ɗakuna. A 1749 ya buɗe masana'anta a Prestonpans ta ƙasar Sikotlan. Ɗakin dalma ya riƙe wannan sana'a fiye da shekara 150.

Masu saye na farko masaƙa ne. A da, kafin yadi ya yi fari sai an jiƙa shi cikin nono mai tsami kwana da kwanaki; asid da aka sirka ya gama wannan aiki cikin sa'o'i. Sai kuma a 1791 Bafaranshe Nicolas Leblanc ya fito da hanyar haɗa gishiri da asid a samu soda, wadda ake yin sabulu da gilashi da ita. Masana'antun sabulu na Libaful sun dogara da abu biyu: sodar nan, da man jan da jiragen ruwa ke kwasowa daga gaɓar Afirka ta Yamma. Tun lokacin yankinmu ke cikin lissafin, ba tare da an tambaye mu ba.

A nan ne labarin ya fara kama da namu. Duk ɗakunan dalman Ingila da Faransa farar wuta suke ci, mafi yawanta kuma daga wuri guda take fitowa, tsibirin Sisili da ke kudancin Italiya. Haƙarta aikin azaba ne. Yara ƙanana, waɗanda ake kira karusi, su ke ɗauko dutsen a baya daga ƙarƙashin ƙasa, bayan iyayensu sun karɓi kuɗin gaba daga mai rami, bashin da sau da yawa yaron ba ya fita daga cikinsa har ya girma. Booker T. Washington, baƙar fatar Amurka wanda shi kansa cikin bauta aka haife shi, ya ziyarci ramukan a 1910 ya kwatanta su da jahannama. Wanda ya ga yaran da ke wuraren haƙar zinariya a ƙasar nan ba sai an yi masa dogon bayani ba.

A 1838 sarkin da ke mulkin Sisili, Ferdinand na Biyu, ya ga arzikin tsibirinsa na tafiya da araha hannun 'yan kasuwar Ingila. Sai ya damƙa cinikin farar wuta gaba ɗaya ga wani kamfanin Faransa, Taix da Aycard, da sharaɗin a rage haƙa, farashi ya tashi, baitulmali ya samu rabonsa. Farashi kuwa ya tashi, kusan ninki uku a Ingila. A 1840 Ingila ta turo jiragen yaƙi suka shiga kame jiragen kasuwancin sarkin, Faransa ta shiga tsakani, aka soke yarjejeniyar. Wanda ya tsaya nan zai ce Ingila ta yi nasara da ƙarfin bindiga, shi ke nan. Amma abin da ya fi yi wa Sisili illa ba jiragen ba ne. A shekaru biyun da aka yi ana ja-in-ja, masu masana'antu sun koyi gasa wani dutse mai ƙyalli, fairait, wanda ƙarfe ne haɗe da farar wuta, kuma akwai shi a Ailan da Nowe da Sifen. Da rikici ya lafa, da yawansu ba su koma Sisili ba. A 1873 attajiran Ingila suka sayi mahaƙar Rio Tinto a Sifen. A 1894 kuma Herman Frasch ya gwada tura tafasasshen ruwa ƙarƙashin ƙasa a Luwiziyana ta Amurka, farar wuta ta narke ta fito ta bututu ba tare da mutum ya shiga rami ba. Bayan 'yan shekaru Amurka ta daina jiran Sisili. A ganina sarkin yana da gaskiya da ya ce ana cutar ƙasarsa. Abin da bai lissafa ba shi ne mai saye na iya samun wata hanya, shi kuwa mai sayarwa ba shi da wani kaya.

Babban mai cin asid ya bayyana a daidai wannan zamani. A 1842 wani manomin Ingila, John Bennet Lawes, ya yi rajistar hanyar zuba asid kan ƙashi ko dutsen fosfat, don sinadarin fosforas da ke ciki ya narke, saiwar shuka ta iya sha. Wannan shi ne takin da manomanmu ke kira sufa. Shekara guda bayan haka masanin Jamus Justus von Liebig ya rubuta cewa ana iya auna ƙarfin kasuwancin ƙasa da yawan asid ɗin da take sha. A yau duniya na haɗa fiye da tan miliyan 250 a shekara, Sin ce kan gaba, kuma fiye da rabinsa taki ake yi da shi.

Hanyar dillali da na bayyana a sama tana da nata labarin, kuma ya taɓo marina. Wani mai haɗa ruwan tsami na binega a Biristol, Peregrine Phillips, shi ya yi rajistarta tun 1831, da ƙarfen filatinom a matsayin dillali. Ta kwanta shekaru da dama, don filatinom na da tsada kuma ƙazantar hayaƙi na kashe shi, ɗakin dalma kuwa na biyan buƙata. Abin da ya tashe ta shuni ne. Kamfanin BASF na Jamus yana neman haɗa shuni a masana'anta ba tare da ganyen baba ba, aikin kuma na son asid mai ƙarfin da ɗakin dalma ba ya iya bayarwa. Masaninsu Rudolf Knietsch ya shafe shekaru yana gano yadda za a tsabtace hayaƙin da kuma zafin da ya dace. A 1897 shunin BASF ya shiga kasuwa. Kafin yaƙin duniya na farko noman baba a Indiya ya durƙushe, daga baya kuma shunin kanti ya iso har karofin ƙasar Hausa, marina suka fara haɗa shi da na gida ko su bar na gidan. Banadiyom ya maye gurbin filatinom daga shekarun 1920. Farar wutar ma ta sake gida: yau kusan duk wadda ke kasuwa daga matatun mai da iskar gas ake cire ta, ta hanyar da Carl Friedrich Claus ya yi wa rajista a 1883, don doka ta hana a bar ta cikin man da motoci ke ƙonawa.

To yaya Gaya ta shigo? A 1957 Faransawa masu neman jan ƙarfe suka ci karo da yuraniyom a Azelik. Bincike ya kai su yammacin duwatsun Ayar. A 1968 aka kafa SOMAIR, ta fara fitar da kaya a Arlit a 1971; COMINAK aka kafa ta a 1974, ta fara aiki a ramin Akuta, mai zurfin wajen mita 250, a 1978. Dutsen wurin kilo biyu zuwa huɗu ko biyar kawai yake ɗauke da shi na yuraniyom a kowane tan. Ba a tsince shi da hannu, ba a rairaye shi kamar zinariya. Sai an niƙa dutsen, a jiƙa shi da asid, yuraniyom ya narke ya bi ruwa, a tace, a ware shi, a busar, a samu gari ruwan ɗorawa da ake durawa a ganguna. Ba asid, ba yuraniyom. Shi ya sa kamfanonin biyu kowanne ya gina tasa masana'antar asid a cikin hamada.

Nijar ba ta da mahaƙar farar wuta, ba ta da teku. Jirgin ruwa ya sauke a Kwatano, jirgin ƙasa ya ɗauka kilomita 438 zuwa Paraku, inda dogo ya tsaya tun 1936, daga nan kamiyo: Kandi, Malanbil, gada, duwan ɗin Gaya, Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Tawa, Agadas, Arlit. Da dogon ya tsufa, kamiyoyi suka karɓe tafiyar tun daga bakin teku. A da, gangunan garin yuraniyom kan biyo wannan hanya a dawowa, su shiga jirgi zuwa Faransa, masana'antar Malvési kusa da Narbon. Kwaltar Tawa zuwa Arlit, wadda aka shimfiɗa a zamanin Seyni Kountché, har yau hanyar yuraniyom ake ce mata, ko da yake da za a auna nauyin abin da ke hawa da na abin da ke saukowa, da sunan bai tsaya haka ba. A 1981 ƙasar ta fitar da fiye da tan 4,000, a shekarar da tashar gawayi ta SONICHAR ta fara ba ma'adinan wuta. Dogon da aka yi ta alkawarin zai haɗa Paraku da Yamai ta Gaya kuwa, an shimfiɗa ɓangaren Yamai zuwa Doso tsakanin 2014 da 2016, bai iso mu ba, bai kuma ɗauki kaya ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wannan. Rabin ƙarni ana haɗa asid a Nijar, kuma don dutse guda ake haɗa shi. A duniya taki ne babban aikinsa. A nan bai shiga gona ba. Alhali binciken da aka daɗe ana yi a cibiyar ICRISAT ta Sadore, inda masana irin su André Bationo suka yi aiki, ya nuna ƙarancin fosforas na cikin manyan abubuwan da ke hana gero yabanya a jigawarmu. Dutsen fosfat kuwa muna da shi: akwai a yankin Tawa, wanda an taɓa haƙa a niƙa a watsa a gona haka nan, akwai kuma mai yawa a Tapowa, cikin gandun dajin W, ba nisa da Dendi. Na W ɗin ba ya saurin narkewa a ƙasa sai an taɓa shi da asid. Dutse na kudu, asid na arewa, manomin Gaya kuma na sayen buhun da aka haɗa a wata ƙasa. Maroko ta gina Jorf Lasfar a kan wannan haɗi, da farar wutar da ita ma sayowa take yi. Senegal na yi a Daru Kudos. Najeriya ta gwada da kamfanin sufa na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1976 da dutsen Togo, ya yi ta tashi yana faɗuwa. Ba na cewa abu ne mai sauƙi: Tapowa gandun daji ne da ake karewa, masana'antar taki na shan ruwa da wuta da jari, kuma tana barin tarin shara. Asid ɗin Arlit ma ya bar tasa. Da aka rufe COMINAK ranar 31 ga Maris 2021, bayan ta fitar da wajen tan 75,000 na yuraniyom, ta bar kusan tan miliyan 20 na niƙaƙƙen dutse mai guba a bayan Akokan, kuma mutanen garin ne ke zaune da shi.

Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum. Kwana huɗu bayan haka CEDEAO ta sa takunkumi, aka rufe iyakar Benin da ta Najeriya. Ɗaruruwan kamiyoyi suka yi jerin gwano a Malanbil, aka toshe gadar da kwantenoni, masu kwalekwale suka samu kasuwar da ba su taɓa gani ba. Mu a nan farashin shinkafa da magani muka fara ji a jika. A Arlit kuwa, ba a harba harsashi ko ɗaya ba, amma a watan Satumba kamfanin Orano, mai kashi 63 da ɗoriya cikin ɗari na SOMAIR, ya sanar da cewa an tsayar da sarrafa dutse an koma gyaran injuna, don sinadaran aiki sun kusa ƙarewa. An sake tayar da aikin a farkon 2024. CEDEAO ta ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta bar nata a rufe bisa dalilan tsaro. A ƙarshen Oktoba 2024 Orano ya sake sanar da dakatar da aiki, da kusan tan 1,000 na garin yuraniyom jibge ba hanyar fita. A Disamba ya ce kamfanin ya kuɓuce daga hannunsa, a Yuni 2025 kuma gwamnati ta mayar da SOMAIR mallakar ƙasa.

Kowa da ra'ayinsa kan wannan mataki, kuma ba nan ne wurin yanke hukunci ba. Sai dai dokar da ta sauya mai kamfani ba ta sauya abin da tanderun ke ci ba. Ɗanyen man Agadem, wanda bututunsa ya ratsa yankin nan zuwa Seme a gaɓar Benin, ba mai farar wuta da yawa ba ne, abin da ke ƙara masa daraja a kasuwa amma ya hana shi ciyar da Arlit. Kayan da suka bar hanyar Kwatano sun koma ta Lome, su ratsa Burkina Faso ta Kaya da Dori su shigo ta Tera cikin ayari da rakiyar soja, hanyar da ta fi tsawo, ta fi tsada, direbobi kuma sun rasa rayuka a kanta. Iyakar Aljeriya a Asamaka wajen kilomita 200 ce daga Arlit, amma daga can zuwa tekun Bahar Rum akwai fiye da kilomita 2,000 na hamada da tsaunuka.